Kufan da na je kallo a Kambodiya

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da ɗauko iyalina zuwa Dubai ba, wani abu ya faru tsakanina da mahaifiyata wanda har yau idan na tuna shi nakan ajiye abin da nake yi. Ban taɓa ba da labarin a nan ba. Yau dai na ga bari in ba ku.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin kago a Al Qusais, muna loda kayan 'yan kasuwa a kwantena zuwa gida. Ni da matata muna haya a Al Nahda, can saman bene, inda idan ka leƙa ta taga da safe ba abin da za ka gani sai jerin motocin da suka taso daga Sharjah suna rarrafe. Asalinmu kuwa 'yan wani ƙauye ne a Zamfara. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, yayana ya je ya ɗauko Inna ya kawo ta gidansa a Gusau, da sunan za ta yi 'yan makonni kafin abin ya lafa. Da ƙullin kaya ɗaya ta fito. Ta ja ƙofarta, ta bar wa wani tsohon maƙwabcinmu amanar gidan.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Sai wani ɗan kawunmu mai ƙarfin hali ya saci jiki ya shiga garin da rana tsaka, ya dawo ya gaya wa yayana abin da ya gani. Babu kowa. An kwashe kwanon rufi, an ciccire ƙofofi, ɗakin Inna ya zube ta gefe guda, ciyawa ta kai ƙirji a tsakar gida. Shi ma maƙwabcin ya fita tun da daɗewa, yana wajen 'yarsa a wani gari.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba a ɗaukar irin wannan labari a dire wa tsohuwa a gaba. Ko rasuwa aka yi, cewa ake jiki ya yi tsanani, a zo a duba, sai an iso a ji sauran. Kuma ba ɗa ne ke faɗa ba. Dattijo ake nema ya zo ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye da nasiha har mai sauraro ya gane da kansa. To dattawanmu duk sun warwatse, ga Inna da hawan jini. Sai muka ce a bari zuwa gaba. Duk sanda ta tambaya, sai a ce mata maƙwabci yana nan yana lura da gida, yana gaishe ta. Ita kuma ta ce a amsa, a kuma tuna masa ya duba indararo kafin ruwa ya sauka.

Ana cikin haka wani abokina ya shigo min da zancen Kambodiya. Ɗan Zangon Kumasi ne, yana aiki a wani otal a Deira, unguwar kasuwanni a Dubai. Allah ya ba shi ƙafar yawo da bakin da ba ya gajiya. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk “ka” yake ce musu. Wani baƙon otal ɗinsu ne ya nuna masa hotunan wasu tsofaffin gine-ginen dutse da mutanen Khmer suka yi a wani wuri da ake kira Angkor, shi ke nan ya hana ni sakat.

“Chale, abokina, mu je mu ga wurin nan,” ya ce. “Kullum aiki, jirgin metro, barci. Yalla habibi, taso kawai, hutu ya zo, mu je mu dawo, khalas, shi ke nan.”

Na ce masa, “Kufai ne fa. Kuma gidan gumaka.”

“Ba bauta za mu je ba, kallo ne. Ai an ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda na da suka ƙare.”

Ban taɓa jin ya jawo min wa'azi ba sai ranar da yake neman abokin tafiya. Hutun kuwa gajere ne, bai isa zuwa gida a dawo ba, sai na yarda. Amma ban gaya wa Inna ba. A wajenmu kufai ba wurin zuwa ba ne. Idan hanya ta bi da kai ta garin da mutanensa suka tashi, kewaye shi kake yi kana addu'a, ba ka tsinkar ko ganye a ciki. Ban ga bakin da zan yi mata bayanin cewa na sayi tikitin jirgi don in je wani ba.

Shi bizarsa ta fito ba wahala. Ni kuwa mai koren fasfon Najeriya sai da aka yi min tambayoyi kamar zan je neman sarautar ƙasar. Muka bi ta Bangkok muka sauka a garin Siem Reap, wanda ke kusa da gine-ginen. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne akwai unguwar Musulmi a garin, da masallacinsu da wuraren cin abincinsu. A nan muke cin shinkafa da kifi, a nan muke salla. Abin hawanmu kuwa babur ne da ke jan wani ɗan keken zama a bayansa, ɗan'uwan adaidaita sahu amma ya fi shi shan iska.

Washegari muna idar da asuba muka nufi babban ginin, Angkor Wat, don an ce fitowar rana a kansa ake zuwa gani. Na ɗauka mu kaɗai ne marasa aikin yi. Ashe duniya ce ta hallara a bakin wani tafki, kowa ya ɗaga waya yana jira. Da gari ya fara wayewa sai ga hasumiyoyi sun fito baƙi ƙirin a jikin sama, ga inuwarsu kwance a cikin ruwa. Wani ƙaton rami cike da ruwa ne ya kewaye wurin gaba ɗaya, faɗinsa kamar kogi, kuma da hannu aka haƙa shi. Ka bi doguwar hanyar dutse ka shiga, ka wuce soro bayan soro, bango duk sassaƙa ce, babu inda aka bari haka nan. Matakalar hawa sama kuwa a tsaye take. Na kai rabi na tsaya ina haki, wata tsohuwa 'yar Koriya ta wuce ni tana yi min murmushi.

Na ga ashe wurin bai mutu gaba ɗaya ba. Akwai masu ibadarsu sanye da jan yadi mai ruwan lemo, akwai hayaƙin turare a wasu lungunan. Irin waɗannan wurare nakan ratse in ba su wuri, su da addininsu, ni da nawa.

Mai yi mana jagora, wani magidanci ɗan ƙasar mai sanyin magana, ya kai mu wani ginin da ake kira Bayon. Nan ne ake da manyan fuskokin dutse, duk inda ka juya akwai wadda ke kallonka. Ban ji daɗin tsayawa a ƙarƙashinsu ba. Abin da ya riƙe ni shi ne bangon waje, inda aka sassaƙa mutanen gari da harkokinsu. Ga mata a kasuwa, ga masu gasa nama, ga maza sun yi da'ira suna kallon zakaru na faɗa, ga mace tana naƙuda ana riƙe da ita. Na tambaye shi ina gidajen waɗannan mutane suke. Ya ce babu. Dutse na wuraren bauta ne kawai, mutane kuwa har sarkinsu a katako suke zaune, talakawa da rufin ciyawa. Da aka tashi, ruwa da gara suka cinye komai.

Wuri na ƙarshe da muka je shi ne Ta Prohm, inda aka bar itatuwa yadda aka same su. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Itace ya tsiro a kan rufi, ya zubo saiwoyinsa ta kan bango har ƙasa, kowace saiwa ta fi cinyata kauri, ta shiga tsakanin duwatsu ta raba su. Akwai ƙofar da saiwa ta rungume ta ta kowane gefe, sai ɗan duhu a tsakiya. A nan na bi layi, na tsaya, na ɗaga yatsu biyu na washe baki, abokina ya ɗauke ni hoto. Wallahi ban kawo ƙauyenmu a raina ba. Ko kuma na kawo na kore, ban sani ba.

Muka dawo Dubai muka ci gaba da abin da muka saba. Bayan wasu watanni yanar ido ta matsa wa Inna har ba ta gane mutum sai ya yi magana. Muka yanke shawarar in kawo ta a yi mata aiki. Kafin ta taso yayana ya kira ni, na ji muryarsa ba yadda na saba ji ba.

“Ta ce tunda idonta zai buɗe, ba ta ga abin da zai sake zaunar da ita a Gusau ba. Daga filin jirgi sai ƙauye. Ka san halinta. Kwanaki sai a tasha aka tsinto ta tana neman motar garinmu.”

Na ce, “To yaya za a yi?”

“Kai ne auta, kai take saurara. Ka bari a gama aikin, sannan ka gaya mata. Kada ka bari ta hau jirgin dawowa ba ta sani ba. In ta dawo a haka, wata rana za mu wayi gari ta kama hanyar nan, kuma ka san abin da ke kan hanyar.”

Na san abin da ke kan hanyar. Mutanen da muka sani an ɗauke su a kanta, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Na ce masa to, kamar abu ne mai sauƙi.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar da aka cire mata auduga ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Auta, ashe haka ka yi tumbi?” Ta leƙa ta taga ta ga benayen Al Nahda, ta ce mutane bisa mutane awa buhunan gero, Allah shi kyauta. Abu ɗaya ta nema a Dubai, a kai ta kasuwa ta yi tsaraba.

Muka kai ta Deira ni da matata. Ba ta sayi komai don kanta ba. Mayafi ta ɗauka na matar liman, da turare na maƙwabciyarta ta bayan gida, da dabino na masu zuwa yi mata barka da dawowa, da farar hula da carbi na tsohon da ke lura mata da gida. Duk wanda ta ambata, na san ko dai yana wani gari yana raɓe, ko ba mu ma san inda yake ba. Matata tana riƙe mata jaka tana kallon ƙasa. Ni kuma ina biye da ledoji, ina taya ta zaɓen launi. Ban taɓa jin nauyin kaya irin na ranar ba, alhali duk yadi ne da turare.

Na yi ta ƙoƙarin buɗe zancen. Sai in bari ta idar da la'asar, in zo in zauna kusa da dardumarta, in gyara murya irin ta dattawa in ce, “Inna, duniya dai...”

Sai ta ce, “Mi ya samu duniya?”

Sai in ce, “Ba komai. Kin ɗiga maganin idon?”

Haka muka yi ta yi, ranar komawarta tana matsowa. Yayana ya kira, in ce masa ina kan hanya. Ni da nake iya tsayawa in yi ciniki da Ba'indiye da Bafarishe har su gaji, na kasa haɗa magana ɗaya a gaban tsohuwar da ba ta kai kafaɗata ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokina ya zo gaishe ta, da ledar lemo da ayaba. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, “Mma, ka zo lafiya? Yaya idonka?” Inna ta waiwaya bayanta tana neman namijin da ake gaisarwa. Da na yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ciki, nan da nan suka saba. Ya ba ta labarin Kumasi, ta ba shi labarin fataken goro na zamanin kakanta. Ina jin daɗi ina cewa yau dai ta sake. Sai kawai na ji ya ce:

“Mma, ɗanka ya nuna maka Kambodiya?”

Na zare masa ido, na yi tari, har ƙafarsa na taka. Ina! Kafin in yi wani abu ya haɗa wayarsa da talabijin, ga ni nan ƙato a bango, ina murmushi a gaban hasumiyoyi. Ya shiga bayani da hannu da ƙafa, tsohon birni ne, mutanensa sun tashi tun zamanin da, daji ya rufe shi.

Inna ta juyo a hankali. “Kufai? Auta, kufai ka tai kallo? Da kuɗinka?”

Na ce, “Tarihi ne, Inna.”

“Tarihi,” ta maimaita, kamar na ce mata sunan wata cuta.

Da fuskokin dutsen suka fito ta nemi tsari ta kau da kai, amma ba ta ce a kashe ba. Da aka zo kan bangon nan na mutanen gari kuwa, sai na ga ta jawo kujerarta gaba. Sabon ido ne da ita, ba abin da ke wuce ta.

“Wagga kifi take saidawa,” ta ce tana nuni. “Wagga kuwa kan ƙawarta take dubawa. Kai, ga mai haihuwa, Allah shi raba lafiya. Ashe mutane ne awa mu. To ina gidajensu?”

Na gaya mata abin da mai jagora ya gaya mana, cewa na katako ne da ciyawa, ba su yi saura ba. Ta tambayi abin da ya tashe su. Na ce masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu sun ce yaƙi, wasu sun ce ruwa ne ya rikice musu, fari da ambaliya.

“Sanda suka hita, sun san ba su dawowa?”

Na ce ban sani ba.

“Ba su sani ba,” ta ce. “Ba mai sani. Ja ƙofa kake yi ka ce sai ka dawo.”

Daga nan na sha jinin jikina. Abokina kuwa bai san komai game da ƙauyenmu ba, don ban taɓa gaya masa ba. Yana ta tura hotuna yana zuba, har aka zo kan ƙofar nan da saiwa ta rungume, da ni a gabanta da yatsuna biyu. Ya wuce zuwa na gaba.

“Tsaya,” in ji Inna. “Koma baya.”

Ya koma. Ta daɗe tana kallo, kuma na lura ba ni take kallo ba.

“Wanga icce ba dasa shi aka yi ba. Tsuntsu ne ya kawo shi, ya kasayar bisa bango. Awa ceɗiya. Kowace damina sai ta hito mini bisa katangar ɗakina, wajen tsagar nan. Tun tana ganye biyu nike sa hannu in cire ta. In ka bar ta ta shekara, sai da gatari. In ka ƙara barinta, katangar ta zama tata.”

Sai ta juyo ta dube ni da idon da na biya aka gyara, ta ce:

“Auta, wa ke cire mini tawa?”

Abokina ba wawa ba ne. Ya dubi fuskata sau ɗaya, ya cire wayarsa, ya ce lokacin aikinsa ya yi, ya fita ko lemonsa bai sha ba. Matata ta shige kicin. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa a gabanta. Duk kewaye-kewayen da na yi ta shiryawa ban tuna ko ɗaya ba.

Na ce, “Babu kowa, Inna.”

Sannan na gaya mata duka, yadda ɗan kawu ya faɗa. Rufin, da ƙofofin, da ɗakinta, da maƙwabcin da ya daɗe da fita. Ta yi salati, ta ce daga Allah muke gare shi za mu koma. Ta tambayi maƙabarta, inda mahaifinmu yake. Na ce ciyawa ta rufe, amma ba a taɓa ba. Ta gyaɗa kai.

“Dukanku kun sani?”

“E, Inna.”

“Har matarka da ta riƙe mini jaka a kasuwa?”

“E.”

“Kun bar ni ina aika gaisuwa ga bango.”

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Na zauna a wurin ina jin tsoro iri biyu, kada jininta ya hau, kada kuma ta yi kuka ta murje idon da likita ya ce kada a taɓa. Matata ta kai mata abinci, ta dawo da shi yadda ta kai. Ranar na ji haushin abokina, na ji haushin yayana da ya ɗora min, na ji haushin Kambodiya gaba ɗayanta. Na fi jin haushin kaina da yatsun nan biyu.

Da safe na fito na same ta zaune a falo, ta baje tsarabar nan a gabanta. Ta ce in zauna in gaya mata inda kowa yake. Wanda na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Ta ware na waɗanda za a iya samu gefe guda, ta ce sauran a ajiye har a ji labarinsu. Sannan ta ce in kira mata yayana. Bayan gaisuwa, magana ɗaya ta yi masa: “Na hwasa. Ka gyara mini ɗakin nan, zama zan yi.” Na ji shi ta cikin waya yana hamdala.

Na ɗauka an gama. Sai ta ce in sake sa mata hotunan, nawa na wayata. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba abokina ba surutu. A wani hoton akwai wasu mata biyu a can gefe, da huluna masu faɗi da dogayen tsintsiyoyi, suna share ganye a kan hanyar dutse. Ni ban ma san sun shiga hoton ba. Ta tambayi su wane ne. Na ce 'yan ƙauyukan da ke kewaye ne, kuma mai jagora ya ce mutanen ƙasar jikokin waɗanda suka yi ginin ne, sukan zo su ma, har hotunan biki suke ɗauka a wurin.

“Ashe suna zuwa,” ta ce.

Sai ranar tafiyarta, muna cikin mota za mu filin jirgi, ta dafa min hannu.

“Auta, na yafe muku. Na san tausayi ne. Amma in hanya ta yi lafiya, kai za ka kai ni. Ba zama zan yi ba, na san ba wurin zama. Ka tai ka kalli na wasu, har da hoto. To ni ma ina son in ga nawa.”

Na ce, “In sha Allahu, Inna. Ni zan kai ki.”

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Ba na zagin al'adarmu ta sassauta mugun labari. Na ga inda ake jefa wa mutum rasuwar ɗansa ta waya yana tsaye a bakin titi, ban ga alheri a ciki ba. Amma mu mun wuce sassautawa. Ana sassauta labari ne don a kai shi a hankali, mu kuwa mun ajiye shi ne muka zauna a kai, muna ce wa kanmu jininta muke tsoro, alhali fuskarta muke tsoron kallo. Matar da ta binne miji da 'ya'ya biyu muka ɗauka ba za ta iya ɗaukar zubewar ɗaki ba. Kuma saura kaɗan tausayin namu ya sa ta kama hanyar da muke gudar mata.

Masu tambayata ko Angkor ya cancanci zuwa, nakan ce musu ya cancanta. Ku je da takalmi mai daɗin tafiya, ku fita da sassafe kafin zafi, ku sha ruwa da yawa. In kun gaji da manyan hasumiyoyi, ku nemi bangon nan mai matan kasuwa ku ɗan tsaya. Ni na je na dawo da hotuna cike da waya, amma sai da wata tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan ƙasar ba ta zauna a falona ta nuna min abin da na ɗauko.

Inna tana nan Gusau, tsufa ya ƙara kama ta, amma idon garau. Duk Juma'a nakan kira ta. Mukan gaisa, ta tambayi matata, ta tambayi “ɗan Gana mai baki”. Kafin mu yi sallama sai ta ce, “Hanya ta yi?”

Nakan ce, “Ba ta yi ba, Inna.”

Sai ta ce to, Allah shi kai mu.